Jirgin Ruwan Wasa Mai Rimot: In Ya Ɗau Zafi, Ina Za a Fara Dubawa?



Duk wanda ya san ni a Agege ya san sana'ata naɗin koyil ce: fanka, injin jan ruwa, injin niƙa, duk dai abin da ke da jan waya a cikinsa yana juyawa. To amma a 'yan shekarun nan akwai wani aiki da ya riƙa biyo ni har shago ba tare da na neme shi ba, wato ƙananan jiragen ruwan nan na wasa masu aiki da batir, waɗanda ake tuƙawa da rimot daga bakin ruwa. Da farko 'yan uwanmu direbobi da masu gadi da ke aiki a gidajen Lekki da Ikoyi ne ke kawowa. Sai mutum ya shigo da abu a buhu ya ce, "Malam, na yaron maigida ne, an ce in nemo wanda ya san kan waya." Daga baya sai ga samarinmu na unguwa su ma sun fara saye. Kusan duk wanda ya zo kuwa kukansa ɗaya ne: jirgi na cikin gudu sai ya mutu a tsakiyar ruwa, da aka samu aka ɗauko aka buɗe sai a ji cikinsa kamar tanda, wani lokaci har da ƙaurin nan na ƙonannen koyil wanda hancina ke ganewa tun daga bakin ƙofa.

Na san wani zai ce, yo dattijo da kai me ya haɗa ka da wasan yara? Ba laifinsa ba ne. Mu da muka tashi a Arewa jirgin da muka sani shi ne na ɓargon kara, a soke shi da ƙaya a saka a kududdufi da damina. Sai dai wannan ba irinsa ba ne. Akwai wani da kamfanin Traxxas na Amurka ya ƙera mai suna Spartan, tsawonsa inci 36, in aka ɗora masa cikakken batirinsa yana wuce kilomita 80 a awa, gudun da mota ba ta samun yi a titin Ikorodu da safe. Kayan cikinsa kuma da dala ake sayo su, duk abin da ya ƙone sai an jira makonni kafin wani ya iso. Batirinsa in ya fusata yana iya tashin ɗaki. Saboda haka ni ban ɗauke shi wasa ba.

Bari in fara da abin da ke ciki, don mai karatu ya gane inda zafin ke fitowa. Abu uku ne. Akwai batir, wanda za ka ga an rubuta LiPo a jikinsa. Akwai injin da ke juya farfela. A tsakaninsu kuma akwai wani ɗan akwati mai haruffan ESC, shi ke karɓar umarnin rimot ya auna wa injin wutar da zai sha. Ni akwatin gudu nake ce masa. Dukkansu ukun an kulle su ne a cikin jirgin, an rufe murfi, har a bi bakin murfin da salatif don kada ruwa ya shiga. Ka ga ke nan babu iska. Fankar silin tana fifita kanta, injin jan ruwa yana da 'yar fankarsa a baya, shi kuwa wannan ba shi da kowa sai ruwan da yake gudu a kai. A jikin ƙarfen juya akalar jirgin, can baya, akwai ɗan rami ƙarami. In jirgi na tafiya, ƙarfin gudun ne ke cusa ruwa ta wannan rami, ya bi siririn tiyo ya ratsa akwatin gudu, ya zagaya wata riga da aka sa wa injin, sannan ya fita ta gefen jirgin. A mafi yawansu babu famfo ko ɗaya. Jirgi ya tsaya, ruwa ya tsaya.

To a nan mutane ke ruɗewa. Da sun ji zafi sai su ce ruwa ne ya gaza, a ƙara tiyo, a faɗaɗa rami, wani har ƙanƙara yake so ya cusa. A iya abin da ya ratsa hannuna, ruwan sanyaya shi ne wanda aka fi zargi, amma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi, ko ka kwara masa randa guda sai ya durƙusa. Tambayar da nake fara yi ita ce: a cikin ukun nan wanne ya fi zafi? Amsar ita ke nuna mini inda zan dosa.

Yadda ake ganewa ba wuya. A yi gudu na minti ɗaya kacal, a dawo da jirgi, a buɗe nan take a auna. Na ce nan take, domin da zarar ruwa ya daina zagayawa zafin da ke can ciki yakan fito waje, sai ka ga awon ya ƙaru bayan an tsaya. Abin awon shi ne bindigar nan ta auna zafi. Amma a lura, irin wadda aka riƙa ɗora mana a goshi a 2020 lokacin korona, in an bar ta a kan awon jikin mutum ba ta wuce digiri 42 ko 43, sai ta nuna maka alamar kuskure. A nemi ta masu gyara, ko a juya ta zuwa awon kaya in tana da wannan maɓallin. Abin da masu wannan harka suka fi tafiya a kai shi ne kada jikin injin ya wuce wajen digiri 70, akwatin gudu ya tsaya ƙasa da haka, batir kuwa 60 iyakarsa ce, ba wurin zamansa ba. In babu bindiga, yatsa ma malami ne: ƙarfen da ba ka iya ɗora masa yatsa ka ƙirga biyar, ya kai wajen 60 ko ya wuce.

Kuma mai karatu ya sani, abin da ka auna a waje bai kai na ciki ba. Rigar ruwan nan bangon injin take sanyayawa, shi kuwa maganaɗisun da ke juyawa a tsakiya ruwa ba ya kai gare shi. Mai arha daga cikin irin wannan maganaɗisu yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, in ya rasa kuma ba ya dawowa. Daga ranar injin zai riƙa shan wuta fiye da da don ya yi aikin da ya saba, yana sha yana ƙara zafi. Ita ma jan waya, duk digiri ɗaya da ta hau, taurin kanta ga wucewar wuta na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100. In ta hau da digiri 50 ka ga an doshi kashi 20 ke nan. Shi ya sa za ka ji mutum na rantsuwa cewa bai canza komai ba amma jirgin da ke yin minti biyar lafiya yanzu ko biyu ba ya kaiwa. Gaskiya ya faɗa. Ranar da injin ya fara dahuwa ita ce ta canza shi.

Duk da haka hanyar ruwan ake fara dubawa, don ita ce mafi sauƙi. In jirgi ya gifta ta gabanka, dole ka ga tsirin ruwa na fita ta gefensa. In babu, a dawo da shi. A ɗauki sirinji a tura ruwa mai tsabta ta mafitar, ya koma baya ya fito ta ramin shiga, duk yashi ko lakar da ta toshe za ta fito. A bi tiyon da ido, wani lokaci batir ne aka ɗora a kansa ya matse shi, ko ya lanƙwashe a kwana. A duba rigar injin: mafitarta ya kamata ta zama a sama, don ruwa ya cika ta kafin ya fita.

Ruwanmu na Legas yana da nasa hali, wanda takardar da ke zuwa cikin kwalin jirgi ba ta san da shi ba. Na farko ɗumi. Ruwan da Bature ke saka jirginsa a Jamus ko Ingila mai sanyi ne, namu kuwa kusan duk shekara yana kewayen digiri 28 zuwa 30, ga rana na dukan murfi tun kafin a kunna. Wato tun daga farko an ci maka wani kaso na ratar da ke tsakaninka da ƙonewa. Na biyu gishiri, wanda ke ƙaruwa a tafkin Legas da rani. Shi ke bushewa a cikin rigar injin ya zama farin ɓawo har ya cushe hanya. Na uku leda, musamman ta fiya wata, da zaren masunta. Na huɗu kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda aka fara gani a ruwan Badagry a 1984 bayan ta biyo ruwa daga wajen Jamhuriyar Benin. Wanda ke bin jirgin fasinja a Ikorodu ya san yadda take rufe ruwa daga ƙarshen damina, har manyan jirage ta kan tsayar. Saiwarta guda in ta naɗe farfelar ɗan jirgin wasa, aiki ya ninka, gudu ya ragu, ruwan sanyaya ya tsaya, duk a lokaci ɗaya. Shi kuwa mai rimot yana can bakin ruwa yana ƙara matsa wuta don jirgi ya ƙwaci kansa. Daƙiƙa kaɗan ake buƙata a haka. In jirgi ya rage gudu ba dalili, a saki maɓallin wuta, a nemi mai kwale-kwale a ba shi na goro ya ɗauko. Ya fi arha.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato farfela. In ruwa na fita yadda ya kamata amma injin da akwatin gudu da batir duk sun yi zafi tare, to kaya ne suka yi yawa, kuma farfela ce ke ɗora kayan.

Akwai wani saurayi ɗan unguwarmu mai sayar da kayan waya, ya zo mini da jirginsa bayan ya ƙona akwatin gudu har biyu. Na biyun ma da kuɗin da ya tara zai aika gida ya saya, yana faɗa yana sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi ruwa yana fita, da idona nake gani. Ina jin kayan ne jabu." Na juya jirgin na dubi baya, na ce, "Yaro, da wannan farfelar ya zo?" Ya ce, "A'a Baba, wani mai shago ne ya ce in na sa babba zai fi gudu." Na sa ya koma gida ya ɗauko ta asalin, muka auna. Ta asali milimita 40, sabuwar 44. Ya ce, "Haba Baba, milimita huɗu?" In ka ɗora su a tafin hannu da ƙyar za ka bambance su.

Ga lissafin da na yi masa a bayan kwalin sigari. Ƙarfin da farfela ke nema daga injin ba ya tafiya daidai da faɗinta. A lissafi na kusa-kusa, in juyawar ba ta canza ba, sai ka ninka ƙarin faɗin da kansa har sau biyar. Daga 40 zuwa 44 ƙarin kashi 10 ne cikin 100, wato 1.1, ninka shi sau biyar a jere, zai ba ka wajen 1.6. Wato aiki ya ƙaru da kusan kashi 60. Ba a nan ta tsaya ba. Zafin da waya ke yi yana bin yawan wutar da ke ratsa ta ne a ninke da kanta: in wutar ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Saboda haka ƙarin kashi 60 na wuta yana nufin zafi ya ninka wajen biyu da rabi. Wane siririn tiyo ne zai kwashe wannan? Muka mayar da tsohuwar farfela, muka sa akwatin gudu na uku, ya yi minti ɗaya a ruwa, ya dawo ana iya riƙe injin da hannu.

Ba faɗi kaɗai ba, har da karkatar fikafikan, wato yawan ruwan da farfela ke cizo a juyi ɗaya. Masu ƙera su kan sa lamba. Misali a farfelun Octura, X442 na nufin faɗi milimita 42, kuma abin da take ci gaba a juyi ɗaya ya ninka faɗin sau 1.4. Wanda ke son ƙarin gudu ya hau mataki ɗaya, milimita ɗaya ko biyu, ya yi minti guda, ya auna, sannan ya yanke shawara. Ni a ruwanmu mai ɗumi har nakan ce a sauko mataki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta. Farfelar da ta daki dutse ta lanƙwashe ko bakinta ya dakushe ita ma tana cin wuta a banza, ga girgiza da ke kashe boris.

Ɗan uwan wannan kuskuren shi ne ƙara batir. Kowane gida na batirin LiPo bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. Mai gida biyu 7.4, mai gida uku 11.1, mai huɗu 14.8. A jikin injin kuma akwai lamba da haruffan KV, ma'anarta sau nawa zai juya a minti kan kowane bolt ɗaya in ba kaya. Injin mai 2000 a kan batir mai gida huɗu yana neman juyi 29,600 ke nan a minti. In ka tashi daga gida biyu zuwa uku, juyi ya ƙaru da rabi, ƙarfin da farfela ke nema kuwa a takarda ya ninka fiye da sau uku. A ruwa yakan ɗan ragu saboda jirgin na ƙara tashi sama, amma ba ragin da zai cece ka ba. Dokar ita ce, batir ya hau, farfela ta sauka.

In farfela daidai ce amma injin kaɗai ke zafi, a duba sandar da ke haɗa shi da farfela. A jirage masu gudu igiyar ƙarfe ce mai lanƙwasa, irin wayar sifidomitar tsofaffin motoci, tana juyawa a cikin bututu. A cire batir, a kwance ta daga injin, a juya da yatsa. In ta yi tauri, ko giris ya ƙare, ko tsatsa ta kama ta, ko injin bai yi saiti da bakin bututun ba. A bar 'yar rata kamar kaurin igiyar a can baya tsakanin mariƙin farfela da ƙarfen da ke tallafe da ita, domin igiyar na tsukewa in ta ɗau kaya. Sai kuma zaman jirgin a ruwa. In batir ya yi gaba da yawa, hanci zai nutse, jirgi ya riƙa huɗa ruwa kamar garma maimakon ya hau samansa. A jirgi mai ciki ɗaya, wurin da nauyi ke daidaita yana wajen kashi 30 cikin 100 na tsawonsa in ka auno daga baya. Ɗora shi a kan yatsu biyu za ka gani.

In kuwa akwatin gudu ne kaɗai ko wayoyi ke zafi, to aikin irin namu ne. A taɓa kowane mahaɗi. Wanda ya fi sauran zafi, ko dalmar ba ta kama ba, ko ya yi wa wutar ƙanƙanta. Mahaɗin XT60 na amfiya 60 ne, kada a ɗora masa aikin XT90. Kada kuma a ƙara tsawon wayar da ke tsakanin batir da akwatin gudu, tana wahalar da kwandensan da ke bakin akwatin har su kumbura. In dole sai an ƙara, a ƙara ta ɓangaren injin.

Batir na bari ƙarshe don shi ne ke hana ni barci. Sauran in sun ƙone kuɗi ne suka tafi. Yawancinmu a nan ɗaki ɗaya ko biyu muke da iyali, wuta kuma sai tsakar dare ake kawo ta, sai yaro ya jona caji a kan katifa ya koma barci. Batirin da ya dawo daga ruwa da zafi ba a jona shi sai ya huce sarai. Ba a tsotse shi har jirgi ya mutu don kansa. Gida ɗaya in ya sauka ƙasa da bolt 3 ya fara lalacewa, gara a tsaya tun da saura. In za a ajiye shi kwanaki, a bar kowane gida a wajen 3.8. Ba a barin sa cikin mota a rana. Ni a shago tukunyar ƙasa na samu na zuba yashi a gindinta, a cikinta nake caji, a kan siminti, kuma ina zaune.

Wanda ya kumbura kamar burodi ya gama aiki, ko da yana ɗaukar caji. Kada a huda shi wai a fitar da iska. Kada kuma a jefa shi a bola haka nan, domin masu tsintar ƙarfe da ke bin bolar nan da kura yawancinsu yaranmu ne, kuma da guduma suke fasa abin da suka tsinta. A fitar da shi waje a kan yashi, nesa da ɗaki, in mai gida biyu ko uku ne a jona masa ƙwan fitilar mota, a bar shi har ƙwan ya mutu, a ƙara masa kwana guda a haka. In mita ta nuna babu sauran wuta, a yanke mahaɗin, a murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya, sannan a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batura.